Albasar Kura a Iyakar Rahmatu

Arewacin Ingila,
9 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Gwaggo Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mutanen Ɗan Marke baki ɗaya. Ni ma lafiyata lau, in ban da sanyi da ya hana ni sakewa.

Na san za ki yi mamaki. Tasi'u ne, ɗan Hadi taubashinki na Bichi, wanda kika taɓa bi da muciya don ya tuge miki yakuwa yana son ganin saiwarta. Rabona da ke tun rasuwar Baba, shekara takwas ke nan. Malam Uwaisu, hedimastan makarantarku, abokin karatuna ne. Shi ya rubuto mini cewa kina nan, kuma har yanzu ba ki yar da rubutun da kika koya a ajin yaƙi da jahilci ba. Ta hannunsa wannan za ta iso gare ki.

An turo ni nan karatun ilmin tsirrai. Ki yi dariyarki tun yanzu, domin aikin da aka ba ni gadin gansakuka ne. Akwai wata iri da ba a san ta a ko'ina cikin yankin nan ba sai a jikin dutse guda, a bayan wani tsauni, kuma duk faɗinta bai fi tabarmar salla ba. Sau biyu a mako nake hawa, in durƙusa da madubin ƙara girma, in ƙirga, in zana, in sauko. An hana a ciri ko ƙanƙani daga cikinta. Sai in yini ban yi magana da kowa ba, sai tumakin wani manomi da ke zuwa suna kallona.

Malamata wata tsohuwar Baturiya ce. Jiya ta tambaye ni ko a ƙasarmu akwai tsiron da ke mutuwa da rani ya farfaɗo da ruwa, yadda gansakukar nan ke yi. Sai albasar kura ta faɗo mini, da ke kanki, don a bakinki na fara jin sunanta. Shin har yanzu akwai ta a wajenku? Ki ba ni labarinta, ki ba ni naki.

Ɗanki,
Tasi'u


Ɗan Marke, ta Bagwai,
4 ga Disamba, 1983

Takarda daga hannun Rahmatu zuwa ga ɗana Tasi'u. Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwa, na kuma ji daɗinta. Muna lafiya, in ka cire ƙafata ta hagu da ta ƙi tafiya, da rumbu da ya ƙi cika.

An ce zumunta a ƙafa take, taka kuma ta zo cikin ambulan da kan sarki har uku. To, na karɓa haka nan. Da ubanka yana da rai da na sami abin tsokanarsa har ƙarshen duniya: ya sai da saniya ya kai ɗa makaranta, ɗan ya haye teku ya je gadin gansakuka. Ga ta nan a gindin randata, ka zo ka ƙirga kyauta.

Labarina ba shi da yawa. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, dawa ta tsaya a gwiwa. Ciwon bushiya ya gama da shanun Fulanin da ke sauka mana da kaka, bana ba mu ga taki ba balle nono. Luba 'yata tana Kamaru da mijinta, shekara uku ban ji ɗuriyarta ba. Gidan ni kaɗai ce sai awaki biyu, kuma ba su iya hira ba.

Ka tambayi albasar kura. A da fadama cike take da ita. Da aka yi dam aka nome fadamar, sai ta tafi, abin da ya saura masu magani suka tone. Yau duk Ɗan Marke guda biyar na sani, kuma nawa ne. Tamu cikinta ja ne, ba fari ba kamar wadda ake kawowa kasuwa. Marigayi Muntaka mai gidana ya dasa su a jere shekarar da aka haifi Luba, tsakanin gonarmu da ta maƙwabcinmu Mati. Su ne iyaka. Mu nan ba ma kafa dutse, don dutse ana gusar da shi. Albasar kura kuwa in ta zauna ta zauna, akuya ba ta cin ta, gara ba ta taɓa ta. Da rani ba ka ganin komai, amma ruwan fari na sauka za ta fito ta nuna wa kowa inda nasa ya tsaya.

Wannan 'yar gonar ita ce tumunina da aka ba ni bayan rasuwar Muntaka, ita nake ci. Mati kuma duk shekara sai fartanyarsa ta yi tuntuɓe ta faɗo wajena. Albasar nan ce ke mai da shi gida ba tare da na buɗe baki ba.

Ka riƙa sa riga biyu. Ka kuma rubuto.

Gwaggonka,
Rahmatu


Arewacin Ingila,
12 ga Fabrairu, 1984

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sawwaƙe ƙafa, ya kawo mana damina mai albarka. A tsaye na karanta takardarki a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba. Wata biyar ke nan ban ji an zage ni da Hausa ba, sai da kika yi na san na yi kewa.

Bari in gaya miki yadda littafi ya raba su. Gansakuka ba ta da saiwa ta gaske, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Wani gari-gari take saki iska ta ɗauka. Albasar kura kuwa tana da duk abin nan, ga kuma rumbunta a ƙarƙashin ƙasa. Amma masana sun ce ba ɗakinsu ɗaya da albasar miya ba, dangi ne na nesa, kamar dai ni da ke.

Da na fassara wa malamata maganar jan ciki, sai ta ajiye shayinta. Ta buɗe akwatunan da suke adana busassun tsirrai, muka duba waɗanda aka kawo daga ƙasar Kano tun zamanin da. Babu mai jan ciki. Ta ce mai yiwuwa taki wata iri ce da ba a taɓa rubutawa ba. In haka ne za a raɗa mata suna, a sa ta cikin jerin tsirran da ake karewa, kamar gansakukata.

Sai dai ba a yanke hukunci da labari. Sai an ga tsiron dungum, da kansa da sandarsa da furensa. Tunda biyar ne, ɗaya ba za ta rage komai ba. In ta yi fure, don Allah ki tono mini guda. Surukin Malam Uwaisu zai zo kwas Landan bayan wata biyu.

Ɗanki,
Tasi'u


Ɗan Marke,
20 ga Afrilu, 1984

Ɗana Tasi'u,

Ina gaishe ka, ina gai da malamarka mai shayi. Ƙafa da sauƙi. Zafi ne ake yi irin wanda rijiya ke komawa ciki, yanzu sai an ƙara igiya gaba biyu kafin guga ya taɓa ruwa.

Wato ni ce albasar kura, kai ne ta miya? Na gode. Ubanka ma haka bakinsa yake.

Ta yi fure makon jiya, sanda doguwa ta kusa kafaɗata, babu ganye ko ɗaya, haka take yi kafin ruwa. Na tsaya a kanta na daɗe kafin in sa fartanya, ba zan ɓoye maka ba. Ta tsakiya na tono, don na gefe su ne masu riƙe layi. Kanta ya kai ƙoƙon fura. Shekara talatin da ɗaya tana wurin, saiwarta ta ƙi saki sai da na yi da gaske, kuma hannuna ya kwana biyu yana ƙaiƙayi.

Ina cikin tono sai ga Mati a kan kunyarsa. Ya ce, "Rahmatu, yunwar har ta kai ki ga albasar kura?" Na ce, "Baƙo na yi, miya zan yi masa." Ya yi dariya, amma na ga idonsa ya tsaya a kan ramin. Na cike shi na taka da ƙafa.

Na naɗe ta a tsohon zane na ba Malam Uwaisu. In an raɗa mata suna kada a manta Muntaka ne ya dasa.

Gwaggonka,
Rahmatu


Arewacin Ingila,
8 ga Yuli, 1984

Gwaggo,

Barka da shan ruwa, barka da salla. Ina fata kin yi azumi lafiya. Nawa ya zo da wuya, don rana a nan ba ta son faɗuwa, sai mu kai awa goma sha tara ba mu sha ruwa ba. Ranar salla na shiga mota zuwa wani gari mai masallaci, muka yi idi da mutanen da ba na jin yarensu, na dawo ɗaki na dafa shinkafa na ci ni kaɗai. Na tuna tuwon sallar gidanku har na kasa ƙarasawa.

Ina jin kunyar abin da zan faɗa. Albasar ba ta iso ba. An tare ta a filin jirgi, aka ce ba a shigo da tsiro mai ƙasa a jiki sai da takardar izini, aka ƙone ta. Laifina ne, ya kamata in sani. Zanen kawai aka bar wa surukin Malam Uwaisu, shi ya aiko mini, ga shi nan na shimfiɗa a kan kujera.

Yanzu mun sami takardar izinin, na sa ta cikin ambulan ɗin nan, har da kwafinta ko za ta ɓace. In kin wanke ƙasar, aka liƙa takardar a bayan kwali, za ta zo ta gidan waya kai tsaye zuwa makarantarmu. Na san na cika roƙo. Guda ɗaya kawai, kuma wannan karon da ganyenta.

Ɗanki,
Tasi'u


Ɗan Marke,
15 ga Oktoba, 1984

Ɗana Tasi'u,

Na gaishe ka. Lafiya muke, lafiyar wanda bai kwanta ba. Ka yi haƙuri da jinkiri, bana ba ta bar mutum ya zauna ba.

Bara da muke kuka ashe biki muka yi. Sau uku na yi shuka, sau uku ta ƙone. Abin da na girba ɗan akuya zai iya ɗaukarsa. Tafasa muke ci da garin rogo, wasu gidajen har dusa. Na sai da akuya ɗaya. Mazan ƙauye sun watse cin rani tun kafin kaka, in ka ji tari a hanya to tsoho ne.

Gidan Mati kuwa cika ya yi. An sallami 'ya'yansa biyu daga aikin kamfani a Kano, sun dawo da mata da yara. Baki ashirin a gona ɗaya. Ba na zaginsa, ni ma da ni ce da na riƙa kallon gonar gwauruwa ina lissafi. Babban ɗan nasa ya tare ni a rijiya yana tambaya, cikin ladabi ƙwarai, wai ko gonar ba ta yi mini yawa ba tunda ƙafa ba lafiya. Na ce masa da hannu nake noma.

An ƙone mini albasa, to Allah ya isa tsakanina da wutar. Ga ta biyu nan na aiko da ganyenta, na wanke ta kamar jaririya. Saura uku: ta gabas, ta yamma, da ɗaya a tsakani. Har yanzu in ka tsaya a kan ɗaya kana hango 'yar'uwarta, layi bai ɓace ba.

Kada ka ƙara cin shinkafar salla kai kaɗai. Ko tumakin nan ka gayyata.

Gwaggonka,
Rahmatu


Arewacin Ingila,
16 ga Disamba, 1984

Gwaggo,

Gaisuwa da jaje. Labarin yunwar ya iso har nan a rediyo, amma sai da na ga dusa a rubutunki na yarda. Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ce.

Albasa ta iso lafiya. Mun tsaga ta, mun busar tsakanin takardu, mun manna ta a kwali da sunan Ɗan Marke a ƙasa. Cikin ja ne kamar yadda kika ce. Amma malamata ta ce ganye da kai ba su isa ba, a fure ake gane dangi, kuma furen shi ne wanda aka ƙone. Don haka muna nan tsakanin e da a'a.

Mu ma mun yi namu farin. Bazarar nan ruwa ya yi ƙaranci, kashi ɗaya cikin uku na gansakukata ya bushe bai farfaɗo ba. Wajen da na shekara ina ƙirgawa ya koma dutse tsirara. Sai da aka nemo izini na musamman, malamata ta ɗebi ɗan ƙanƙani daga cikinta ta kawo makaranta, muna renonsa a cikin kwalba. Ta ce mini abin da ya rage kaɗan a duniya ba a barinsa wuri ɗaya, don in wurin ya tafi da shi zai tafi. Tun ranar nake tunanin ukun nan naki. In har irin da muke zato ce, to su ke nan a duniya, kuma ga su kwance tsakanin fari da fartanya.

Yanzu ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ba ni da aboki a garin nan, Gwaggo, gaskiyar ke nan. Nakan ce a raina, in ba don albasar nan ba da me zan cika takarda zuwa gida?

Ɗanki,
Tasi'u


Arewacin Ingila,
24 ga Maris, 1985

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wata uku shiru, hankalina ya tashi. Ko ƙafar ce? Ko takardata ba ta iso ba?

Da jira ya ishe ni na ɗauko takardunki duka na sake karantawa daga farko. A ta farkon kin rubuta da hannunki cewa su ne iyaka, kuma gonar ita kike ci. Na karanta wannan layin bara, idona ya wuce shi ya tafi ga jan ciki. Kin sake faɗa a ta biyu, kin sake a ta uku. Ni da ake biya in kula da abin da bai kai ƙwayar gero ba, ban ga wannan ba.

Don girman Allah kada ki ƙara tono ko ɗaya. Ba na bukatar fure, ba na bukatar suna. Ki bar ukun nan a inda Baba Muntaka ya sa su. In kin ga wannan ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Ɗanki,
Tasi'u


Ɗan Marke,
11 ga Afrilu, 1985

Ɗana Tasi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina nan da raina, kada ka ce na mutu. Takardarka ta watan Disamba tana ƙarƙashin matashina, ban sami wata bayanta ba. Ban amsa ba ne don ban so in zo maka hannu rabbana, sai na jira fure.

Na yi juyayin gansakukarka. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Malamarka ta yi gaskiya, abin da ya rage kaɗan ba a barinsa wuri ɗaya. Na fahimci abin da kake nufi ko da kunya ta hana ka faɗa ƙarara.

Shekaranjiya duk ukun suka fitar da sanda. Na tono su duka. Ga su nan da furensu da kwafin takardar izinin, ka ga yanzu ba sauran e da a'a. Ta gabas ta fi girma, ita Muntaka ya fara sawa.

Kada ka damu da iyaka. Duk Ɗan Marke an san inda gonata ta tsaya, kuma ramukan na nan a idona. In an raɗa sunan ka rubuto mini shi da manyan baƙaƙe.

Gwaggonka,
Rahmatu


Arewacin Ingila,
12 ga Mayu, 1985

Gwaggo,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ina gaishe ki, amma ban san da wace fuska ba.

Kwalin ya iso makaranta ranar da nake kan tsauni. Kafin in sauko an tsaga biyu an danne su a takarda. Ta ukun na ƙwace, babbar, na dasa ta a tukunya a bakin tagata. Tana da rai.

Ga hukuncin, tunda haƙƙinki ne ki ji. Furen ya nuna ba sabuwar iri ba ce. Albasar kura ce da aka sani, tana nan birjik daga Sanagal har Sudan. Jan cikin ba ya raba dangi. A littafinsu an rubuta cewa ba ta cikin wani haɗari, ba ta bukatar kariya. Malamata ta ce in yi haƙuri, haka aikin yake, ta koma kan kwalbarta. Ban iya yi mata bayanin abin da ke manne a kwalayen nan ba.

Wallahi ban taɓa nufin ki aiko su ba. Amma ni na fara roƙo, ni na ce ɗaya ba za ta rage komai ba.

Akwai sauran dabara kafin ruwa ya sauka. Na rubuta wa Malam Uwaisu ya nemo guda biyar wajen masu magani a kasuwa. Ki binne su a ramukan nan da kika sani. Ba ƙarya ba ce, tunda wurin nasu ne tun asali. Wannan mai ran kuma zan nemi hanyar mayar miki da ita.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Tasi'u


Ɗan Marke,
21 ga Yuli, 1985

Takarda daga Rahmatu zuwa ga ɗana Tasi'u, da sallama da fatan kana lafiya. Takardunka biyu sun zo rana ɗaya, mai cewa kada in tono da mai neman yafiya. Na karanta su a jere, na yi dariya, sannan na yi abin da ba dariya ba.

Bana Allah ya ba da ruwa. Gero ya yi baƙi, har ya rufe kare. Ka fara jin wannan.

Malam Uwaisu ya kawo albasar kasuwa biyar kamar yadda ka ce, kwana huɗu kafin ruwan fari. Sun kwana biyu a ɗakina ina kallonsu. Abin da ba ka sani ba, don kana yaro ka bar ƙauye, shi ne albasa ba ta shaida ita kaɗai. In an zo duba iyaka, mai gona sai ya dafa Alƙur'ani ya ce tun da mai dasawa ya dasa hannu bai taɓa ta ba. Wurin nasu ne, ka yi gaskiya. Amma rantsuwar ba a kan wuri take ba. Na kai shekara sittin, ban san ranar da za a kira ni ba, ba zan tafi da wannan a hannu ba. Na ce ya mai da su.

Ruwa na sauka 'ya'yan Mati suka ja kunya har cikin gonata. Na kai ƙara wajen mai unguwa. Aka jira kwana bakwai kamar yadda aka saba, dattawa suka zo suka bi iyaka daga gabas zuwa yamma. Ciyawa ta fito, tafasa ta fito, albasa babu. Mai unguwa ya ce, "Rahmatu, ina shaidarki?" Na ce, "Na tone su da hannuna, suna Ingila." Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Na nuna ramukan, amma ruwa ya shafe su. Waɗanda suka ga dashen duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Mati. Aka tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban ce ƙarya take ba. Amma shekara talatin da yawa, kuma ban ga albasa ba." 'Ya'yansa na tsaye a bayansa.

Aka raba wurin da ake jayayya. Kunya tara suka tafi, kuma na gangare ne, inda laima ke daɗewa. Abin da ya saura zai kai ni tsakiyar rani in na yi tsimi. Daga nan Allah na nan.

Ka ce in yafe maka. Na yafe, amma ka ɗauki kayan da ba naka ba ne duka. Na san abin da nake tonowa, ni na rubuta maka shi. Tun rasuwar Muntaka babu wanda ya roƙe ni komai, ko gishiri. Ana gaishe ni, ana wucewa. Sai ga takarda daga bayan teku tana cewa Gwaggo don Allah. Da ka rubuta cewa in ba don albasa ba da me za ka cika takarda, sai na ji tsoro. Na ɗauka in na ce a'a, ko in aikin ya tsaya a rabi, shi ke nan ka gama da ni. Na auna gona da wannan, na zaɓa. Ban ce na yi wayo ba.

Kada ka dawo da mai ran. In ta zo ba ta da aikin yi a nan. Ka bar ta a tagarka, kada ka cika mata ruwa, in ganyen ya bushe kada ka zubar, barci take.

Yanzu ba ni da albasa, ba ni da wani tsiron da Turawa ba su sani ba. Abin da ke nan sai ni, da akuya ɗaya, da labarin ruwa. In wannan ya isa a cika takarda, Malam Uwaisu yana zuwa gidan waya duk ranar Laraba, ni kuma nakan zauna a ƙofar gida in ga dawowarsa.

Gwaggonka,
Rahmatu